Ministan da Ya Bar Hannuwa a Sama

A Panshekara, in ka ce kana neman gidan su Farfesa Uwaisu Isyaku, sai an ɗan yi shiru ana tunani. In ka ce gidan su Minista, za a tambaye ka na wace gwamnatin. Amma in ka ce Uwaisu An-gani, ko mai tuyar awara ta bakin titi za ta nuna maka lungun da cokalin da ke hannunta, ba tare da ta ɗago kai ba.

Mahaifinsa, Malam Isyaku, cin rani ya kawo shi Kano daga wani ƙauye na ƙasar Ringim, ranin kuma bai ƙare ba har ya koma ga Allah. Ya sami aiki a wata masaƙa a Challawa wadda kowa ke kira Mai Barewa, saboda hoton barewar da ake bugawa a gefen atamfarta. Bai daɗe ba inji ya cire masa yatsu biyu a hannun dama. Masu kamfanin sun nuna alhini sosai. Sun ba shi turmin atamfa, suka mai da shi mai shara a ƙarshen layin injina, inda tsintsiya ba ta cizo. 'Ya'yansa maza biyu, Sagir da ƙaninsa Uwaisu, sun tashi suna kallon wannan hannun yana yankar loma, yana shafar kai wajen alwala, yana kuma murɗe kunne daidai yadda mai yatsu biyar zai murɗe.

A wancan zamanin jiniyar masaƙar ce agogon gari. In ta yi kuka da safe mata su sauke koko, in ta yi da rana su ɗora tuwo. Muryarta kauri gare ta, tana farawa daga ƙasa kamar saniya ta tuna da ɗanta, ta hau, ta tsaya can sama, sannan ta gangaro a hankali. Wanda ya girma a ƙarƙashinta ba ya haɗa ta da ta 'yan sanda ko ta motar asibiti.

Sagir na gama firamare ya bi uban cikin masaƙa. Uwaisu ya ci gaba da karatu har jami'a, inda ya zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam. Da ya zo hutu uban ya nemi bayani.

"Wato za ka riƙa sanin abin da ke zuciyar mutane?"

"A'a, Baba. Abin da suke yi ba tare da sun san suna yi ba, shi muke karantawa."

"To ai wannan matan unguwa sun riga ka," in ji Malam Isyaku. "Amma je ka, Allah ya yi albarka."

Albarkar ta zo ta inda ba a zata ba. Lokacin da Uwaisu ya gama hidimar ƙasa, yatsun da injinan Mai Barewa ke ci sun yi yawa har abin ya fara damun masu kamfanin, don turamen atamfa ba a ƙasa ake tsintar su ba. Suka ɗauke shi aiki, suka ce ya gano musu dalilin da ya sa mutum mai hankali ke sa hannu a cikin inji. Ya sami benci ya zauna a gefen layi na makonni, ba ya cewa komai, har ma'aikata suka yanke shawarar cewa ɗan Malam Isyaku ya yi karatun da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya gano ba shi da tsawo. Yatsun kusan duk a lokacin canjin aiki suke tafiya. Mai tashi daga aiki yana zura hannu ya cire burbushin auduga daga bel ɗin inji kafin ya miƙa injin, shi kuma mai wuta yana can sama a ɗakinsa, ya ji jiniya, ya danna maɓallin kunna injina.

Sai ya kafa doka. Da zarar jiniya ta yi kuka, kowa ya saki abin da yake riƙe, ya tsaya gaban injinsa, ya ɗaga hannu biyu sama, yatsu a ware. Wani zai bi layin, ya dubi hannuwan kowane mutum, ya ce masa, "An gani." Kafin a faɗa maka wannan ba ka saukewa, ko ƙuda ya shiga hancinka. In mai dubawa ya kai ƙarshen layi, shi ma sai ya juya ya ɗaga nasa hannuwan wajen tagar ɗakin wuta. Lawal mai wuta, wani dogon mutum daga Damagaram, ya leƙo ya ce, "An gani," sannan ya danna.

Uwaisu ya san doka ba ta zama a kai, kai wurin mantuwa ne. A kafaɗa ya so ta zauna. Ya riƙa sa a busa jiniya a lokutan da ba nata ba, ana cikin cin abinci, ana cikin musu a kan ƙwallo. Wanda ya riga kowa ɗagawa a ba shi kwalbar lemo mai sanyi, wanda ya yi nawa a yi masa dariya. Bayan wasu watanni aka daina ba da lemo, hannuwa suka ci gaba da tashi da kansu. Yatsu suka daina faɗuwa. Shi da kansa yake bin layin 'yan aikin safe, daga nan ya sami sunansa. In ya zo kan mahaifinsa a ƙarshen layi, tsohon ya jingine tsintsiya ya ɗaga hannuwa, Uwaisu ya sunkuyar da kai ya ce, "An gani, Baba." Tsohon ya ce, "Ka gani dai, saura biyu suna wajen kamfani."

Labari ya kai Sharada, ya kai Bompai. Aka gayyace shi masana'antun roba da na fata ya koya musu. Can abin bai kama kamar na Mai Barewa ba, wataƙila don can mahaifin kowa yatsunsa goma. Amma ya rubuta abin da ya yi, aka buga a wata mujalla ta masana, masanan suka ce sun daɗe ba su ga tsafta irin wannan ba.

Ita kuwa masaƙar ciwo take yi a tsaye. Wuta ba ta zama, man janareta ya yi tsada, kasuwa ta cika da atamfar da ba a san inda aka saƙa ta ba. Wata safiya da damina aka rufe ta, aka ce sai abin da hali ya yi. Uwaisu ba ya nan a ranar. Ya ɗauki izini ya tafi ganawar neman aikin koyarwa a jami'a, kuma ya samu.

Daga nan hanyarsa ta miƙe. Ya tafi ƙasar waje ya yi digiri na uku a kan yadda ɗabi'a ke shiga jiki. Ya dawo ya zama farfesa tun gemunsa bai yi fari ba. Ya shiga kwamitoci, irin waɗanda ake kafawa don a duba rahoton kwamitin da ya gabata, kuma an shaide shi da wani hali na daban, wato yana karanta rahoton. Da aka zo naɗa ministoci aka ce ana neman wanda ya san yadda yara ke koyo, wanda kuma ya fito daga wannan shiyya. Sharaɗi na biyun ya fi nauyi, amma shi ya cika duka biyun. Haka ɗan mai shara ya zama ministan ilimi. Ba a kama shi da wani abin kunya ba. Malaman makaranta sun ce yana sauraro, abin da ya sa wasunsu suka riƙa rikicewa a tsakiyar ƙorafi. Abu ɗaya direbobinsa ke kuka da shi, ya hana a kunna jiniya a jerin motocinsa, sai ya zama ministan da ke tsayawa a cunkoso yana kallon masu sayar da ruwa.

A can Challawa, 'yan gwangwan sun daɗe da kwance jiniyar masaƙar. An ga lokacin da aka ɗora ta a kura, an kuma san shagon da aka farfasa ta a Dakata aka auna ƙarfenta. Wannan bai hana 'yan aikin safe jin ta ba.

Da farko da safe kawai take zo musu. Daga baya ta daina kula da agogo. Mutum na cikin yanka rake a Dorayi sai ya saki wuƙa, ya miƙe, hannuwa sama, yatsu a ware. A daidai wannan lokacin wani mai gadi a Bompai ya saki ƙofa, wani ɗan dako a Sharada ya saki buhu. Da waya ta yawaita suka riƙa kiran juna, suka tabbatar tare take zo musu. Na kusa da su ba ya jin komai sai ƙarar tirela. Haka mutum zai tsaya, idanunsa na kallon gefe kamar mai jiran wani ya iso, har kafaɗu su gaji hannuwan su zube. An kai wasu wajen ruƙiyya. Malamin, mutumin kirki, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ce shi tsakaninsa da Allah bai sami kowa a ciki ba. Gari ya saba. In aka ga dattijo tsaye a kasuwa ya ɗaga hannu ba ɗan sanda a gabansa, sai a ce jiniyarsu ce, a zagaye shi a wuce. Malam Isyaku da shi ya rasu. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce sun sha aiki kafin hannuwan su yarda su kwanta.

An sha gaya wa Uwaisu. Ya ce zai gushe da kansa, haka littafi ya ce, ɗabi'ar da ba a ciyar da ita mutuwa take yi. Ya faɗa da gaskiyarsa.

Mai sayar da rake in ya saki wuƙa, rake ne ya huta. Sagir kuwa adaidaita sahu yake tuƙawa, kuma yawancin aikinsa kai yaran unguwa makaranta ne da safe, ya ɗauko su da rana, a kan titin da manyan motocin Challawa ke bi. Ya daɗe yana sa'a, tana zo masa yana tsaye ko yana gida. Ya taɓa gwada ɗaure hannunsa da tsumma a jikin sitiyari, da ta zo hannun ya tashi da sitiyarin gaba ɗaya, keken ya juya kamar akuya a turke. Sai wata rana ta same shi a tsakiyar titi, da yara a baya, da tirela tana tahowa. Allah ya sa keken kwata ya nufa. Yaran suka fito da ƙurji, 'yarsa Aina'u ta bar haƙorinta na gaba a wurin. Iyayen yara suka zo gida, suka yi jaje, suka ce ga hutu ya zo, in aka koma makaranta abin bai bar shi ba za su nemi wani. Sagir ba shi da wata sana'ar, kuma ya san suna da gaskiya.

Matarsa Rakiya ce ta hau mota zuwa Abuja. Ta zauna a ɗakin jira da jakar leda a cinya, sakatare ya tambaye ta wa za a ce.

"Ka ce masa matarsa ce ta Panshekara."

Sakataren, wanda ya san matar Minista ɗaya ce kuma ba daga Panshekara take ba, ya shiga a kan yatsun ƙafa. Uwaisu ya fito da kansa yana dariya, don tun tana amarya haka take tsokanarsa, wasan matar wa da ƙanin miji.

"Yaya Rakiya, za ki sa a kore ni daga aiki."

"Wa ya isa ya kori mijina? Dubi wuya, har ya fara ninki. Gwamnati na dafa maka abin da ni ban iya ba."

"Ina Yaya? Ina yara?"

"Yara suna nan, ɗaya dai ta yi giɓi kafin lokacinta." Ta buɗe leda ta fito da wayarta, ta nuna masa hoton bakin Aina'u, ta nuna masa keken a cikin kwata. Wasan ya fita daga muryarta. "Uwaisu, ni ban yi boko ba, ban san sunan abin nan ba. Amma na san kai ka ɗaura masa. Yau haƙori ne. Gobe in 'ya'yan mutane ne a ƙarƙashin tirela, da wane bakin za mu zauna a garin? Ka zo ka kwance abinka."

Ya zo ranar Juma'a, da mota ɗaya da hadimi ɗaya. Bayan masallaci ya zauna da wansa a soron gidansu, a kan tabarmar da ta girmi muƙaminsa. Bai yi wa'azi ba, tambaya ya yi, sana'arsa ce. Yaya take zuwa? Daga wane gefe? In ka ɗaga, me kake ji?

"Jira," in ji Sagir. "Jira nake ji."

Uwaisu ya ce, "Yaya, ba ni labarin ranar da aka rufe. Daga busa jiniya."

"Ta yi kuka, muka ɗaga. Heluma, shugaban ma'aikata, shi ne zai bi layi tunda ba ka nan. Bai taka ba sai ga manaja da 'yan sanda, aka kira Heluma ofis. Muna nan tsaye. 'Yan sandan suka shigo suka gan mu hannu a sama, shugabansu ya ce bai taɓa ganin ma'aikata masu ladabi irinmu ba. Aka ce kowa ya fita. Aka tura mu waje."

"Wa ya ce muku an gani?"

Sagir ya dube shi. "Babu."

Uwaisu ya cire tabarau ya goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce wannan abu ne da yake koya wa 'yan shekarar farko, aikin da aka fara ba a rufe ba jiki ba ya ajiye shi. Ya gina dokar don kada kowa ya sauke sai an sallame shi, kuma ga shi ta yi aiki fiye da yadda ya rubuta a mujalla.

"To, tare da muke ji fa? Ni a nan, wani a Bompai?"

"Wannan," in ji Farfesa, "ba ya cikin abin da aka koya mana."

Hadimin ya nemo mai gadin da ke riƙe da makullin masaƙar. Aka aika wa duk ɗan aikin safe da ke raye. Washegari da hantsi suka taru, wasu da sanda, wasu jikoki sun kawo su a babur. Rana ce tarwai, babu wani abin tsoro a sararin sama. A cikin zauren injinan babu inji ko ɗaya, sai guntayen ƙusoshi a siminti da tabon baƙin mai inda kowanne ya taɓa zama. Rufin ya huje, haske na saukowa tsaye-tsaye, tantabaru sun cika ƙarafan sama. Ba wanda ya nuna wa kowa wuri. Kowane tsoho ya tafi kai tsaye ya tsaya gaban tabonsa. Layin ya fito da giɓi da yawa, kuma ba wanda ya matsa ya cike.

Hadimin ya tambaya ko a nemo sautin jiniya a waya. Wani tsoho ya ce masa, "Yaro, bar wayarka. Ta san hanya."

Aka jira. Rana ta hau, zufa ta jiƙa babbar rigar Minista. Matan da suka biyo mazansu suna bakin ƙofa, Rakiya a gaba. Can wajen azahar, ba iska, ba motsi, tantabarun nan suka tashi gaba ɗaya suka fice ta hujin rufi. Hannuwa suka tashi daga farkon layi har ƙarshe, lokaci guda, yatsu a ware.

Uwaisu bai ji komai ba. Ya faɗa daga baya, kuma ba mai ƙarya ba ne. Ya tattare hannun rigarsa a kafaɗa, ya fara daga inda ya saba farawa. Ya dubi hannun farko, ya dubi na biyu.

"An gani."

Tsohon ya sauke, ya tsaya yana kallon tafukansa kamar an dawo masa da ajiya. Na kusa da shi da aka sallame shi ya fashe da kuka. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, lemon fa?" Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Da Uwaisu ya zo giɓin farko ya wuce. Muryar Sagir ta zo daga tsakiyar layi, hannuwansa na sama, bai juyo ba.

"Ka tsallake Bala."

Bala ya rasu tun kafin Uwaisu ya zama farfesa. Minista ya tsaya. Ya ce wa hadiminsa a hankali, wannan don masu rai ne, hankalinsu ba zai kwanta ba sai an cika layin. Ya koma, ya tsaya gaban tabon man, ya dubi iska, ya ce, "An gani."

Waɗanda ke kusa sun ce sun ji wani ɗan sauti, irin wanda hannun riga ke yi in ya faɗo a cinya. Hadimin ya ce tantabara ce. Tantabaru dai ba su dawo ba tukuna.

Daga nan bai sake tsallake giɓi ba. Ya zo kan wansa, ya dubi hannuwan da ke da tabon tsumma a wuya, ya ce, "An gani, Yaya." Sagir ya sauke, ya yi ajiyar zuciyar da aka ji har bakin ƙofa. Uwaisu ya ci gaba har ƙarshen layi, inda babu tabon mai, don mai shara ba shi da inji. A nan ya daɗe. Hadimin ya ce ya ga ya ɗaga kai daidai tsayin mutum mai ɗaga hannu, leɓɓansa na motsi kamar mai ƙirga, kuma bai kai goma ba ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

"An gani, Baba. Ku sauke."

Da a nan ya tsaya, da labarinsa ya ƙare kamar na sauran ministoci. Amma shi ma ɗan Mai Barewa ne, kuma ba wanda ya maimaita dokar nan kamar wanda ya kafa ta. Yana gama layi jikinsa ya juya da kansa, hannuwansa suka tashi wajen tagar ɗakin wuta. Tagar na nan, gilashinta ya fashe, babu kowa a ciki. Lawal mai wuta ya koma Damagaram tun shekarar da aka rufe, ba wanda ya tuna da shi da ake aike.

Sagir ya ɗaga murya ya ce, "An gani!" Tsofaffin suka taya shi. Rakiya daga ƙofa ta ce, "An gani, mijina, sauke kada a ɗauke ka hoto!" Ya yi dariya, ya sauke, ya ce tsohuwar ɗabi'a ce. Aka fito, aka yi salla, aka ci abinci.

Aka koma makaranta, iyaye suka ba Sagir mako guda na gwaji, wani uba ma ya riƙa bin keken a babur. Makon ya wuce, zangon ya wuce. Hannuwansa ba su bar sitiyari ba. Daga Dorayi zuwa Bompai ba a sake ganin tsoho tsaye a kasuwa yana jira ba. Wasu sun ce har kewarta suke yi.

A Abuja kuwa, ana tsakiyar wani babban taro, wani yana karanta shawarar da Uwaisu ya shirya tsaf zai yi suka a kanta, sai aka ga ministan ilimi ya saki biro, ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu. Mai rubuta bayanin taro ya rubuta cewa ya goyi baya da ƙarfi. Da aka fito ya tambayi direbansa wa ya kunna jiniya. Direban ya rantse ba a taɓa ta ba tun ranar da aka naɗa shi. Abin ya sake faruwa a wajen rabon kyaututtuka, inda ɗalibai suka ɗauka sabon salon gaisuwa ne suka ɗaga nasu. Hadimin ya koyi matsowa ya ce an gani, sakatare ma ya koya. Minista ya gode musu kowane lokaci, hannuwan kuma suna nan sama har sai kafaɗu sun gaji. Shi ya rubuta dokar, ya fi kowa sanin cewa mai dubawa mutum ɗaya ne ke sallamarsa, wato mai wuta.

Da aka yi wa majalisar ministoci garambawul sunansa bai fito ba, bai kuma nemi a sa shi ba. Ya dawo Kano, yana koyarwa kwana biyu a mako, ɗalibai suna cewa ba a taɓa yin malami mai bayanin ɗabi'a kamarsa ba, har da misali. Ya aika Damagaram. Aka ce akwai Lawal masu yawa, dogaye ma ba su da kaɗan. Wani ya ce ya rasu, wani ya ce ya gan shi a kasuwa bara, wani ya ce ya tafi aikin wuta can arewa inda waya ba ta shiga. Har yanzu in Farfesa ya ga tirela mai lambar Nijar ta tsaya a Challawa, yakan je ya gaisa da direban, ya yi tambaya.

Ya daina tuƙi. In zai je Panshekara wansa ne ke ɗauko shi a keke, sau da yawa tare da 'yan makaranta, Aina'u a gefensa da sabon haƙori. Wani lokaci ana cikin tafiya sai tsohon ministan ya karkata kai kamar mai sauraro, hannuwansa su tashi har su taɓa rufin keken. Yaran su haɗa baki su ce, "An gani, Baba Minista!" Ya ce, "Na gode, Allah ya yi muku albarka," idonsa na neman wata taga a sama.

Sagir ba ya waiwayowa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon titi.